Ma'ana ta Biyu

…da ma bai yi dariyar ba. Da Anayo, abokin karatun ƙaninta Lukuman, malamin kimiyya guda, ya duba takardun nan ya ɗaure fuska, ya ce lallai abin ya isa a ji tsoro, da yanzu Kubra tana zaune a cikin bas ɗin nan da zuciyarta a wuri ɗaya. Amma dariya ya yi. Dariya har da riƙe ciki, har matarsa Nkoli ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Sai da ya ɗago ya ga fuskar Kubra, sannan dariyar ta mutu a bakinsa.

Bas bai cika ba. Saura mutum biyu, direba kuwa ya kashe inji ya kishingiɗa yana sakace, kamar wanda babu la'asar a ranarsa. La'asar… Kawu Shu'aibu ya ce ana idar da salla zai kawo mota. Kawu kuwa shekara ashirin da ɗoriya yana jan babbar mota, ba a taɓa cewa ya makara ba. Za a sa Lukuman a kujerar baya, mutum ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa, a kama hanyar Bauchi zuwa ƙauyen malamin nan mai maganin taɓin hankali. Gidan da ake sa wa mutum mari a ƙafa. Don kada ya ji wa kansa ciwo, in ji Kawu. Lukuman — wanda ta goya tun ita ma ba ta gama ƙwari ba.

Uku saura kwata. Daga Tudun Wada zuwa Taminus, daga Taminus a sake mota zuwa Dutse Uku… in ruwa bai sauko ba. Zai sauko. Agusta ne, hadarin Jos kuma ba ya haɗuwa don ado.

Ambulan ɗin yana kan cinyarta, ta danne shi da hannu biyu. Shafi goma sha ɗaya. Shekara uku yaron nan yana Ingila yana karatun da ko sunansa Inna ba ta iya faɗa ba — fiziks, sai ta ce fisiki — ga abin da ya rage. Shafi goma sha ɗaya, su ma duk ramuka ne.

Ramuka… “Yaya, ki bar gurbi.” Haka ya ce ran da ya ba ta littafin. Mako uku ke nan, kwana biyu da saukarsa. Ya rame, wuya ya yi tsawo, idanu sun faɗa, likitan can ya ce ya je gida ya huta. Wane hutu? Mutumin da ke zagaya tsakar gida yana gardama da yatsunsa, a ajiye masa abinci ya huce a ɗauke. Ya kira ta ɗakinsa, ya zaro littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin rigarsa — ƙarƙashin riga fa, ba jaka ba — ya ce, “Ke kaɗai zan ba wa. Ki buga min a tafiretar ofishinku, malamina yana jira. Duk inda kika ga alamar da injinki ba shi da ita, ki bar gurbi, ni zan cike da biro.”

Injinta kuwa me yake da shi? Haruffa da lambobi, shi ke nan. Wasiƙun kamfanin katako take bugawa da shi, shekara goma sha uku: mun sami takardarku, muna sanar da ku. Littafin Lukuman kuma cike yake da macizai a tsaye, da takwas wadda ta kwanta, da wasu ƙugiyoyi irin na mahauta. Kalma uku, gurbi. Kalma biyar, gurbin layi biyu. Lokacin abincin rana take yi, oga ya fita, daga ita sai ƙarar inji. Kuma tana jin daɗi. A faɗi gaskiya, ta daɗe ba ta ji daɗin aiki haka ba. Ke kaɗai zan ba wa…

Mai buga tafireta ba ta karatu, yatsu ke yi mata. Haka aka koya musu: ido a takarda, hankali a gida. To me ya tsayar da yatsun a shafi na huɗu? C, h, a, r, m. Ta buga ta wuce. Ga ta kuma a layi na gaba. Ga ta kuma. Sai g, h, o, s, t — wannan kam ko ɗan firamare ya san ta. Fatalwa. Dole a shigo da fatalwowi, in ji littafin, kafin abin ya daidaita. A shigo da su ina? Wa zai shigo da su?

“Matsa min, ’yata.” Wata tsohuwa ce da kwandon dankali. Kubra ta matsa, kwandon ya hau ƙafarta, ba ta janye ba. Saura mutum ɗaya.

Ranar Juma'a Inna ce ta tambaya. Ba Kubra ce ta kai maganar ba — wannan dai Allah shaida ne, ba ita ta kai ba. An sauko daga masallaci, Kawu ya biyo cin tuwo, Lukuman yana ɗaki, Inna ta ce, “Kubra, ke da kika san bokon nan, me yake rubutawa ne da ya hana shi barci?” Ke da kika san bokon nan. Yaushe rabon wani a gidan ya ce mata haka? Tun da aurenta ya mutu ta dawo, ita ce mai kai niƙa, mai kiran mai gyaran rufi, mai raka Inna asibiti. Boko kuwa na Lukuman ne, har hotonsa da hular digiri yana rataye a ɗakin Inna. Ta tashi. Ta ɗauko littafin, ta ɗauko ƙamus ɗinta na Turanci, wanda aka ba ta kyauta a aji biyu na sakandare, sunanta a ciki da jan tawada: ta ɗaya a lissafi. Ta buɗe. Ta sa yatsa.

“Laya,” ta ce.

Kawu ya mayar da lomarsa cikin kwano.

Fatalwa. Bauta. Launi uku da ido ba ya gani. Gam da ke ɗaure abubuwa yadda babu mai raba su har abada. Tana karantawa tana fassarawa, muryarta tana fita tsaf kamar ta mai karanta labarai a rediyo, su kuma sun yi tsit, har Kawu da ba ya barin kowa ya kai aya. Sannan ta zo shafin da bai kamata ta zo ba. Baƙin rami. Abin da ya faɗa ciki ba ya fitowa, ko da haske ne. A ƙasa Lukuman ya ja layi biyu ya rubuta: amma bai ɓata ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Hannu kawai ta ɗora a ka, ta bar shi a can.

A gidan nan ba a cewa rami a gaban Inna. A ce gurbi, a ce kwari, a ce wurin nan. Baba Datti ya sauka ramin kuza da safiyar wata Talata, fitila a hannu, igiya a ƙugu, damina irin wannan, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi — ta rufta. Kwana uku ana haƙa. A na huɗu ruwa ya cika wurin, liman ya ce a yi masa salla daga baki. Babu likkafani, babu kabarin da za a je a tsaya. Yau wurin kududdufi ne kore shar, mata suna wanki a gefensa. Kubra tana da shekara sha ɗaya a lokacin, Lukuman shida.

“Ubansa yake kira,” in ji Inna. “Sun haɗa min shi da matattu.” Kawu ya ce ai ya sha jin labari, a ƙasashen can akwai masu shiga ɗaki mai duhu su kira waɗanda suka rigaya. Ruwa ba ya tsami banza. Yaro ya tafi lafiya ƙalau, ya dawo yana magana shi kaɗai, ga laya ga fatalwa da rubutun hannunsa, me kuma ake jira?

Asabar bayan azahar barci ya sace Lukuman, karo na farko cikin kwana nawa. Inna ta ce kawo littafin. Ta kawo. Hannunta ne ya miƙa — wannan hannun, mai danne da ambulan. Bangon ya daɗe bai kama ba, yana ta nannaɗewa yana warin roba, Inna tana tura shi cikin murhu da icce tana karanta Falaƙi da Nasi. Macizan, ƙugiyoyin, takwas ɗin da ta kwanta… A kan wutar aka dafa wake. Sun ci waken. Har shi ya ci da ya tashi, ya ce yau kam ya ji daɗin abinci.

“Yaya, shafi nawa?” Kowace safiya. “Saura kaɗan.” Jiya ma, saura kaɗan. Yau ma.

Injin bas ya tashi. Wani ya shigo, ba ta ga ko wane ne ba. Uku da minti biyar, ga ɗigon farko a gilashi.

Ba ta san abin da ya kai ta gidan Anayo ba yau da safe, ta bar ofis ba ko sallama. A'a, ta sani. So take a ce mata ta yi daidai. Mai ilmi ya duba ya ce, Sista, kin ceci ƙaninki. Sai ta dawo ta tsaya a ƙofar gida ta ga tashin motar da ƙafafunta a tsaye. Wannan ta je nema. Anayo ɗan Jos ne, a nan aka haife shi, benci ɗaya suka zauna da Lukuman har rigimar sittin da shida ta kori su Anayo, bayan yaƙi suka dawo suka tarar da gidansu babu rufi, suka sake rufawa. Yana hutun makaranta, yana gyaran rediyo a kan tebur. Ta miƙa masa takardun, ta nuna masa kalmar da farce, ta ce ga abin da ya shiga.

Sai dariyar.

“Sista Kubra, ba laya ba ne! Yi haƙuri… kai, yi haƙuri.” Ya shiga ɗaki ya fito da mujalla, bugun ƙasar waje, mai hoto, ya buɗe mata. Ga ta nan. C, h, a, r, m, da manyan haruffa, a takarda mai sheƙi, kusa da hoton wasu dattawan Turawa masu tabarau. “Mutanen nan wasa suke da suna. Sun gano wasu abubuwa da sun fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, da su aka gina komai, ni da ke da teburin nan. Ba wanda ya taɓa ganinsu, ba su da suna. Sai suka ce ma ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya baƙo. Na huɗun da ya zo, lissafinsu ya yi kyau, ya shiga ransu, sai suka ba shi wannan. Farin jini, Sista. Kamar yaro mai farin jini.”

Farin jini. Manya-manyan mutane da furfura, suna raɗa wa abin da ba su gani ba suna yadda Kawu yake ce wa motarsa Hajiya. Wa zai ce Kawu ya auri mota? Hajiya ta ƙi tashi, Hajiya tana shan mai — duk tasha an san abin da yake nufi. Amma a rubuta wannan a takarda, a kai wa wanda bai san tasha ba…

Launin ba launi ba ne, suna ne. Gam ɗin ba gam ba ne. Bautar kuma — ya yi mata da roba, irin ta ɗaure takarda, a yatsunsa biyu. Uku-uku suke zama, in ji shi. In suna kusa, kowa a sake yake, kamar babu abin da ya haɗa su. Ja ɗaya ka yi nisa da shi, sai igiyar ta ƙara ƙarfi. Ba a taɓa samun ɗaya shi kaɗai ba. Uku-uku… Inna, ita, shi. Har Ingila aka ja shi, ga shi can a ɗakin da aka yanke masa cibiya.

Fatalwar fa? Ta tambaya da ƙarfinta, don ita ce ta rage mata. Ya sosa kai. “Wannan ya fi ni, amma abin da na gane, abu ne da ake sawa cikin lissafi don ya tafi daidai. Ba ya nan a duniya. In an gama sai ya ɓace, ba ya fitowa a amsa.”

Rubuta biyu, riƙe ɗaya a ka. Ita ta koya masa. A ƙasan rumfa, da tsinke, bakwai da biyar — rubuta biyu, Lukuman, ɗayan ka riƙe shi a ka. “Yaya, ina ɗayan yake?” A kanka. Ya shafa kan, ya duba tafin hannu, ya ce babu komai. Ta yi dariya har ta kwanta. Fatalwar ke nan? Ɗayan da ake riƙewa a ka? Ita ta fara sa masa fatalwa a ka, da tsinke, yana ɗan shekara bakwai?

Ruwa ya kece. Da ƙanƙara, tana dukan rufin bas kamar ana watsa tsakuwa. Direba ya rage gudu, yana goge gilashi da hularsa. Tsohuwa mai dankali tana salati. Uku da ashirin, ba a ko kai Taminus ba.

Ta ce da Anayo, to lafiyarsa ƙalau ke nan? Da ya ce e, da ta rungumi mujallar ta fito da gudu. Bai ce ba. Ya juya sukundireba a hannunsa ya ce, “Kalmomin dai lafiyarsu ƙalau. Shi kuma ban sani ba. Mutumin da ba ya barci, ba ya ci, likita yake bukata.” Likita. Ba mari ba. Amma ba kuma lafiya ba… Wato ba ta yi daidai ba, kuma ba za ta koma gida ta ce duk ƙarya ne, ku duba, garau yake. Babu inda za ta tsaya ƙafa biyu.

Sannan ya kai shafi na goma sha ɗaya. Ya karanta, ya sake karantawa. “Wannan ba ya cikin kowane littafi.” Ya juyo mata da takardar. N, a, s, o. Ta tuna ta. Ta buga ta sau shida ko bakwai ranar Alhamis, har ta neme ta a ƙamus ba ta samu ba, ta ce wani sabon Turanci ne na masana.

“Hausa ne, Sista. Naso.”

Naso. Ita, Kubra ’yar Datti, wadda ta sha Hausa a nono, ta nemi naso a ƙamus ɗin Turanci — sai Anayo ne ya karanta mata. A tsakiyar Turanci kalmar ta sa kwat, ta wuce ta gabanta ba ta gane ta ba.

Baƙin rami, in ji shi, ba a ƙasa yake ba, a sama ne. Tauraro ne da ya mutu ya rufta cikin kansa, duk abin da ya matso ya haɗiye. Kwanan nan wasu suka ce ramin yana fitar da ɗan ɗumi, kaɗan-kaɗan, har wata rana ya ƙafe, amma ɗumin ba ya ɗauke da labarin abin da ya faɗa ciki. Abin da ya shiga ya tafi ke nan. Lukuman ya ce a'a. Ya ce labarin yana fitowa, a hankali, ta bangon ramin, ba ta ƙofa ba. Shi ya raɗa wa suna naso. Kuma a can ƙasan shafin akwai ɗan layi, Anayo ya bi shi da yatsa: kalmar da tunanin duka na K.D. ne, ita ta fara faɗa.

K.D. Sau talatin a rana take buga haruffan nan a gindin kowace wasiƙa, alamar wadda ta buga. Yatsun suka buga, suka wuce.

Ita ta fara faɗa… Daren bakwai ɗin Baba — a'a, da rana ne, ana ruwa, mutane sun watse. Ya zo ya tsaya a gabanta da ciki a waje. “Yaya, yaushe Baba zai fito?” Me yarinya ’yar sha ɗaya za ta ce? Ta duba ta ga bangon ɗakinsu ya jiƙe daga ƙasa, duhun laima yana hawa. Ta kama hannunsa ta ɗora a wurin. Ka ji sanyi? Ruwan yana waje, ba ƙofa, ba taga, amma ga shi ya iso. Baba ma haka zai yi. Ba zai fito gaba ɗaya ba, naso zai yi, kaɗan-kaɗan. Don ya yi shiru ta faɗa. Don ya bar ta ta yi kukanta. Ta manta kafin a kwana biyu. Shi kuwa ya ɗauka ya riƙe a ka — shekara goma sha tara — ya haye teku da shi, ya yi masa macizai da ƙugiyoyi.

To ashe Inna ba ta yi kuskure duka ba. Ubansa yake kira. Da lissafi yake kiransa, amma shi yake kira. Wannan hauka ne? In hauka ne, wa ya ɗora masa hannu a bango?

“Gaskiya ne abin da ya rubuta?” Anayo ya ɗaga kafaɗa. A wannan fannin, in ji shi, rabin abin da ake rubutawa hasashe ne. Wani ya tabbata bayan shekara goma, wani ya mutu a takarda. Suna ba ya raba gardama, lissafi ke rabawa. Ya kaɗa shafukan a iska, duk fararen guraben nan suna kallonta. “Nan kin ba ni miya babu tuwo. Ina littafin? Kawo min littafin in ga lissafin.”

Ta ce yana gida.

Ya ce bari ya sa takalmi ya raka ta, ya gaida Inna, ya ga mutumin nasa. Ta ce a'a, a'a, wata rana. Ba ta gaya masa la'asar ba. Ba ta gaya masa mota ba. Mutum ɗaya a garin nan da zai iya tsayawa gaban Kawu ya ce ga abin da kalmar take nufi, ta bar shi a Tudun Wada da rediyonsa. Don me? Don kada ya shiga gidan ya ce, a gaban Lukuman, ina littafin. Kunyarta ta fi mata ƙafar ƙaninta? Haka ne? Kubra, haka ne?

Taminus. Ruwa har idon sawu, mutane sun cunkushe a ƙarƙashin rumfuna, babu motar Dutse Uku ko ɗaya. Huɗu saura ashirin. Ta tura ambulan da mujallar cikin rigarta, ta ɗaure zane a kai, ta ja mayafi. Da ƙafa. Takardun suna manne da fatar cikinta, da sanyi… ƙarƙashin riga. Ashe haka ake ɗaukar abin da ake tsoron a rasa.

Za ta nuna musu mujallar. Kawu zai juya ta sama da ƙasa, ya ga Turawa masu tabarau, ya ce to ga shugabannin ƙungiyar nan. Inna ba ta karatu. Kawu ba ya karanta Turanci. Mai karantawa a gidan mutum biyu ne, ɗaya an ce ya taɓu, ɗayar kuma ta riga ta karanta. Magana zarar bunu ce. Me zai sa su karɓi fassara ta biyu daga bakin da ya ba su ta farko? Za ta ce kuskure ne. Ƙamus ne ya ce laya, ita me ta sani, aji uku ta tsaya. Aji uku — ran da Kawu ya zauna a tabarmar nan ya ce ɗaya zai ci gaba da karatu, ɗaya zai kama aiki, kuma ai shi ne namiji. Ta wanke rigar makarantarta ta goge ta ninke. Ba ta taɓa riƙe shi da abin ba, yaro ne, me ya sani? Ita ta ɗinka masa jakar littattafai. Ita ta raka shi tashar jirgi. Tana son yaron nan fiye da ranta, wannan ba ƙarya ba ne, ko a gaban Allah za ta maimaita.

Ƙamus ne ya ce laya.

Ƙamus…

Takalminta ɗaya ya maƙale a taɓo, ta tsaya ciro shi, sai shafin ya buɗe a idonta. Shafin dama, wajen tsakiya, kusa da ɗigon man ja da ya daɗe a wurin. Kalmar da baƙin rubutu. Lamba ɗaya: abin da ake ratayawa ko ake ɗaurawa don tsari ko sihiri. A ƙarƙashinta… akwai lamba biyu. Akwai. Halin da ke sa mutum ya shiga ran jama'a. Ta gan ta. Ranar Juma'a, a rumfa, Inna tana kallon bakinta, Kawu ya yi shiru saboda ita, ita kaɗai — ta gan ta, ta sauke ɗan yatsanta kaɗan ya rufe layin.

Kaɗan kawai. Faɗin farce.

Ba don a ƙona ba. Wallahi ba don a ɗaure shi ba, ko a mafarki. Don dai… don su ci gaba da sauraro. Don sau ɗaya a ce hoton da ke bango ya karkace, wadda ke ƙasa kuma ta san wani abu. Shekara goma sha huɗu abin yana bayan bango, ba ƙofa, ba taga. Ta rantse babu shi. Ga shi ya iso.

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin kan dutse. Tana hawa, duwatsun sun yi santsi, numfashi yana yankewa. Layinsu. Ga Fijo fara a ƙofar gida, an juya kanta ta kalli titi, mutum biyu da ba ta sani ba suna alwala a bakin kwata.

Zaure. Tsakar gida. Inna tana bakin rumfa da ƙullin kaya a hannu, idanunta sun kumbura. Kawu yana naɗe hannun riga. Lukuman yana zaune a kan turmi, an sa shi ya yi wanka, ya sa kwat ɗinsa ta Ingila — gaisuwar wani dattijo aka ce masa za a je. Ya gan ta jiƙe sharkaf, ya ga gefen ambulan ya leƙo daga wuyan rigarta, fuskarsa ta washe yadda ba ta washe ba tun saukarsa. Ya laluba aljihu ya zaro biro.

“Yaya, kin gama? Kawo in cike guraben kafin mu fita. Haɗo min da littafin.”

Hannunsa a miƙe. Inna ta dube ta. Kawu ya dube ta. Sun yi tsit, su uku, saboda ita kaɗai, kamar ranar Juma'a. A bayansu bangon ɗakin ya jiƙe har gwiwa.

Da wanne za ta fara? Da murhu? Da motar? Da yatsan?

“Inna,” ta ce, muryar ba ta rediyo ba ce yanzu, “kalmar nan… akwai ta biyu. Na gan ta.”